Ranar da Aka Haska Hantar Sallau

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Sallau. Kowa da abin da yake taƙama da shi a duniya, wani dukiya, wani ƙarfin damtse. Shi Sallau da ciwo yake taƙama. Ciwon hanta. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da shi kamar sarautar gado.

Kada Allah ya sa ka yi kukan ciwo a gabansa. Ka ce kanka ke sarawa, sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Ciwon kai kuma har ciwo ne? Ni fa hantata in ta tashi kumburi sai na sassauta tazuge. Likitan da ya fara duba ni sai da ya nemi kujera ya zauna." Ba wanda ya taɓa ganin likitan nan, ba wanda ya san garin da yake.

Mutum ne kuwa jibgege, wuya a murɗe, kumatu sumul. Malmala uku yake tashi da ita a zama ɗaya, ya ce ai ba shi ke ci ba, ciwon ne ke ci.

Ubansu ya rasu ya bar musu fadamar albasa, shi da yayansa Nomau. Shi Nomau irin mutanen nan ne da za ka wuni da su ba ka ji kalma goma ba. Shi ke dashe, shi ke ban ruwa, shi ke cira, shi ke ɗora buhu a ka. Sallau yana gindin mangwaro a kan tabarma yana ba da umarni, hannu dafe da haƙarƙarin dama. Wani lokaci ma ya manta ya dafe na hagu. Amma ranar rabon albasa sai ciwon ya lafa, ka gan shi tsaye yana ƙirga buhuna. Wallahi abin nan ya daɗe yana ci mini rai, don kowa na ganin yadda Nomau ke ta zubewa.

Ana nan sai ga Hindatu, 'yar ƙanwarsu, likita ce a wani babban asibiti a birni, ta zo gaida kawunnanta. Muna zaune a ƙofar gida har da Mai Unguwa Barmo, aka tambaye ta aiki. Ta ce wani bincike suke yi. Akwai wani ruwa da suke gwadawa, ana yi wa mutum allurarsa a jijiya, ya bi jini, duk inda hanta ta kumbura ya je ya manne a wurin. In aka sa mutum a na'ura, wurin sai ya haska jawur a hoto. Hanta mai lafiya kuwa ruwan ba ya samun wurin kamawa, sai ya wuce abinsa. Ta ce suna neman masu ciwo, suna kuma neman lafiyayyu don a kwatanta.

Mai Unguwa ya gyara zama. "To madalla. Sallau, ga dama ta samu. A je a haska. In an ga ciwo, mu ci gaba da yi maka sannu. In ba a gani ba, bana zan ja iyaka a tsakiyar fadamar nan, kowa ya nome rabonsa da hannunsa."

Nan take Sallau ya ga asirinsa na shirin tonuwa. Amma baki bai mutu ba. "Ni za a tsorata da na'ura? Ku dai gaya musu su tanadi wata, don hantata ƙona musu wannan za ta yi."

Da aka watse sai ya ja Hindatu gefe. "'Yar nan, wai me ke ƙara kumbura hanta ne? Don in kiyaye."

"Yawan maiƙo, Kawu. Ka rage shi."

"Allah ya yi miki albarka."

Shi ke nan, Sallau ya samu laƙani. Kwana bakwai cur yana kan aiki. Da safe man shanu da ludayi. Da rana ya tare wurin mahauta, ba ya son tsoka, kitse zalla. Da yamma ya kwankwaɗi manja kamar mai shan kunu. Ran kwana na biyar cikinsa ya fara ƙugi, ƙululu, ƙululu, tun daga soro ana ji. Shi kuwa murna, ya tabbata hanta ta kama. Har ƙarfin hali ya ƙaru masa, ya ce lallai a tafi da Yaya Nomau a matsayin mai lafiya, don duniya ta ga bambanci. Mu ma ya ce sai mun je shaida. Mota guda muka cika.

Ranar tafiya ya goga gangamau a fuska, ya fito rawaya kamar mai ciwon shawara, yana nishi.

A asibiti aka ɗaura wa kowannensu wani ɗan zobe na roba a wuyan hannu, da lamba a jiki, don su a binciken nan ba sa rubuta suna a hoto, lamba kawai. Sallau ko kallon tasa bai yi ba, yana can yana nishi don ma'aikata su ji. Aka yi musu allura, aka jira kamar awa guda, aka tura su cikin na'urar ɗaya bayan ɗaya. Sallau ya fito ya ce shi ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Ya hango keken marasa lafiya, ya faɗa ciki tiɓis. Nomau ne ya tura shi har ofishin Hindatu.

Hindatu ta ce ƙa'ida ita ce ta ga kowa shi kaɗai. Sallau ya ce atafau. "Shekara goma sha huɗu ana yi mini kallon maƙaryaci, yau kuma a ɓoye? Kowa ya shigo." Ta dubi Nomau, ya ce shi ba komai. Muka shiga muka jeru jikin bango.

Ta kunna allo. Hotuna biyu suka fito gefe da gefe. Ɗaya hanta ce jawur, ta ko'ina tana haske kamar garwashi. Ɗayar kuwa fes, ko ɗigo babu.

Zumbur Sallau ya miƙe daga keken, mutumin da ƙafa ta ƙi ɗauka. Taku biyu ya kai gaban allo, ya dafa jan hoton.

"Alhamdu lillahi. Mai Unguwa, matso ka gani da idonka."

"Kawu, tsaya tukuna," in ji Hindatu.

"Ke tsaya, manya na magana. Kun ga nan? Nan ne ke sarana in na sunkuya. Wannan jan na ƙasa kuwa shi ke hana ni ɗaukar buhu. Na san su ɗaya bayan ɗaya, tare muke kwana tare muke tashi."

"Kawu, don Allah bari in..."

"Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ba ni amsa a gaban shaidu. Mai wannan hanta, ya halatta ya yi noma?"

"A'a. Hutu yake buƙata da magani. An dai yi sa'a an gano da wuri, zai warke in an kula da shi."

"Kun ji ko? Ba ni na faɗa ba." Ya juya ga ɗaya hoton, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ƙwas, ƙwas. "Wannan fa? Dubi hanta don Allah, ko ta ɗan maraƙi albarka. Mai irin wannan ai zalunci ne ma a bar shi da fadama ɗaya. Mai Unguwa, ni ga hukuncin da na gani. Mai lafiyar nan shi zai riƙe fadama gaba ɗaya, dashe da ban ruwa da dako. Mai ciwo kuwa ko buta kada ya ƙara ɗagawa. Rabo kuma daidai wa daida, don zumunci ya wuce wasa."

"Har zuwa yaushe?" in ji Mai Unguwa.

"Har illa masha Allahu. In kuma mai lafiyar ya yi gardama, a kira shi mara imani a gaban jama'a. Kun shaida?"

Muka ce mun shaida.

Sai a sannan Hindatu ta samu bakin magana. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Kawu Sallau, miƙo hannunka." Ya miƙa yana murmushi. Ta juya zoben robar. "Karanta mini lambarka."

"Arba'in da biyu."

"To duba ƙasan hotunan."

Jan hoton, arba'in da ɗaya. Fes ɗin, arba'in da biyu.

Ba ka jin komai sai cikin Sallau, ƙululu. Gumi ya keto masa, gangamau ya fara gangarowa yana ɗiga a wuyan riga. Ni kuwa dariya ta zo mini har wuya, da na dubi Nomau sai ta koma, tausayi ya kama ni. Ashe duk shekarun nan mai ciwon ne ke ɗauke da buhu.

Sallau ya juya ga Hindatu. "'Yar nan, ita na'urar nan ba ta kuskure ne?"

"Sau biyu muka duba, Kawu. Cikin duk mutanen da muka haska, ba mu ga hanta mai kyan taka ba."

"Ai maganar da na yi ɗazu, misali ne kawai na..."

"Mun riga mun shaida," in ji Mai Unguwa.

Sai ga Nomau ya baro jikin bango. A hankali ya taka ya isa wurin keken, ya zauna, ya jingina, ya ɗora ƙafafunsa a kan matakin. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sannan ya waiwayo ya dubi ƙanensa.

"Sallau, in ka zo wajen ƙofa ka tura a hankali. Akwai gargada."