Yadda Za Ki Watsa Taron Sirri Ba Tare Da Kin Saɓa Umarni Ba

'Yar'uwa, in ke ce mai kula da netwok a wurin aikinku, matso kusa. Matakai biyar ne, kuma ba sa kuskure, don an gwada su a wata masana'antar sabulu. Wadda ta gwada, kowa Injiniya yake ce mata.

1. Ki fara yin aikinki da kyau

Maltikas hanya ce ta tura bidiyo ga rukunin da ya nema kaɗai. Injiniya ta saita suwic ɗinta, akwatin nan da wayoyin kamfani ke haɗuwa a ciki, ta raba rukuni biyu. Ɗaya na talabijin ɗin ɗakin cin abinci, mai nuna sanarwa. Ɗaya na kyamarar ɗakin taro, wadda daraktoci uku ke kallo daga ofisoshinsu. Ta sa shinge a tsakani. Shekara biyu ba wanda ya ce mata sannu. Haka ake gane aiki ya yi kyau.

2. Ki jira oga ya je bita

Manaja ya yi bitar kwana biyu, ya dawo ya kira ta.

"Shingen nan naki shi ke rage mana gudu. Ki cire, ki haɗa komai rukuni ɗaya."

"Ranka ya daɗe, in aka haɗa, duk abin da kyamara ta ɗauka zai..."

"Ni za ki koya wa aiki?"

Kada ki ja. Mutumin da ya dawo da sabuwar takardar shaida, kunnensa sai bayan wata guda yake buɗewa.

3. Ki nemi sa hannu, sannan ki manta

Ta rubuta umarnin, ya sa hannu bai karanta ba. Ta jefa a durowa, ta bar shingenta. Sati uku bai lura ba, har yana yaba gudun. Sai sakatariya ta tare ta a baranda: ranar Alhamis za a zauna a ɗakin taro kan sunayen mutum talatin da za a sallama. Na huɗu kawunta ne, mai kula da sito, wanda ya riƙe ta tun rasuwar babanta.

4. Ki tuna da biyayya

Alhamis, saura minti biyar ƙarfe ɗaya, Injiniya ta cika umarni, ta cire shingen. Ta sauka ɗakin cin abinci ta zauna. Sanarwa ta ɓace, sai ga Manaja ya cika allo, ya tuɓe takalmi yana sosa ƙafa.

"Kada kowa ya ji sai sun gama mana odar ƙarshen wata. Tsohon nan na sito kuwa, ku ce masa likita ne ya ce ya huta."

Cokula suka tsaya. Kawu ya share baki a hankali, ya ce, "Ikon Allah. Ashe ba ni da lafiya."

Ta kasa ɗaga ido ta kalle shi.

5. In an kira ki, ki bi ta matakala

Wayarta ta yi ta ruri. Akwai lif, amma ta hau bene huɗu da ƙafa, tana gaida kowa har da tambayar iyali. Kafin ta isa, an karanta suna na talatin, injuna sun yi tsit, ma'aikata sun cika harabar. Mai kamfani ya iso da kansa, ya rantse a gabansu bai san zancen ba, aka yaga takardar sunayen.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Mutum talatin suna nan bakin aikinsu. Manaja an mayar da shi babban ofis, shugaban sashen tsaron bayanai. Injiniya ta kai wa kwamitin bincike takarda mai sa hannunsa, suka karanta, suka yaba tsarin rubutun, suka sallame ta. Kawu ne ya ɗauko mata kwalin kayanta har bakin titi, ya tsaya tare da ita har mota ta zo.

"Ke dai tun kina ƙarama ba kya jin magana," in ji shi. "Ran da kika ji kuma, ga shi."