Ciwon Gwiwar Da Ban Taɓa Yi Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, duk da Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Ranar ce aka goyo ni a babur daga Rogo zuwa Karaye kamar buhun masara, aka kai ni gaban wata yarinya sa'ar 'yata domin ta duba min gwiwar da lafiyarta ƙalau.

Bari in koma baya kaɗan. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina hedimasta. Na yi ritaya, bayan wata bakwai mai ɗakina ta rasu. Aka yi zaman makoki, gida ya cika har da rumfa a waje, aka yi sadakar arba'in, sai kowa ya koma harkarsa, kamar yadda ya kamata. Yara suna Kano da Kaduna. Aka bar ni da ɗakuna huɗu, da rediyo, da akwatin littattafan da na maimaita har na fara gyara musu kurakurai da jan biro.

Za ka ce me ya hana ni zuwa majalisa. Na gwada. Matsalar ita ce rabin mazan unguwarmu sun taɓa miƙo min tafin hannu na zuba musu bulala. Da na doso sai hira ta mutu, mai dariya ya haɗiye dariyarsa, a tashi a ba ni benci, a ce, "Allah gafarta Malam, an fito?" Sai a yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina gida, yaya ƙarin haƙuri, har gaisuwa ta ƙare a rasa abin ɗorawa. Da na tashi, kafin in sha kwana, sai in ji an ci gaba da dariyar da aka ajiye. (Ba ni ake yi wa ba. Da ni ake yi wa ma da na ji daɗi, ai an sa ni a hirar ke nan.)

Babbar 'yata ce (ba na faɗin sunanta, ta fari ce) ta gano halin da nake ciki, da ta lura ina riƙe ta a waya ina ba ta labarin duk abin da aka faɗa a rediyo tun safe. Ta ce akwai wata Malama Rabi da ke zuwa Karaye daga Kano duk Asabar, tana zama a wani ɗaki a bayan kemis, aikinta sauraren masu damuwa. Ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, ba ta ba da magani, kai za ka biya daga aljihunka a ba ka awa guda.

Na ce, "Wato in biya kuɗi a yi hira da ni?"

Ta ce, "Baba, ni ma ai sai ka sa kati kake samuna."

Sai na je.

Na tafi da babbar riga da littafin rubutu, na tsara abin da zan faɗa yadda ake tsara darasi, da gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa. Ta bar ni na karanto shi tsaf, tana gyaɗa kai. Da na rufe littafin sai ta ce, "Baba, yaushe rabon ka ci abinci kwano ɗaya da wani?" Wannan tambayar ba ta cikin darasin. Na duba takarda, na duba silin, na yi ta komawa baya a zuci har na isa ranar arba'in. Sauran awar da fanka muka yi ta, tana juyawa ina kallonta. Malama Rabi ta turo min kwalin tishu, na yi kamar ban gani ba. Amma na fito da niyyar komawa, kuma na koma.

To, a Rogo mutum ba ya hawa mota duk Asabar da babbar riga ba tare da bayani ba. Maƙwabcina Alhaji Sule, mai sayen gyaɗa, wanda katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin, ya tare ni a ƙofar gida.

"Hedimasta, wannan zirga-zirgar Karaye fa? Ko an samo mana amarya ne ake ɓoyewa?"

Na san in na faɗi gaskiya, kafin magariba labari zai zama Hedimasta yana ganin likitan ƙwaƙwalwa, kafin wayewar gari kuma a sami wanda ya gan ni da idonsa ina tsince-tsince a bola. Sai bakina ya ce, ba tare da ya shawarce ni ba, "Gwiwa ce ke damuna, Alhaji. Akwai wata ƙwararriya a can."

Na manta a wane gari nake. Washegari bayan azahar 'yan dubiya suka fara sallama. Liman ya zo ya yi tofi. Matan maƙwabta suka aiko da kunu da farfesu. Wani tsohon ɗalibina ya taso tun daga Gwangwan da ƙwan zabi a ƙwarya. Man zafi da man kaɗanya kuwa na tara abin da zai isa in buɗe shago. Abin da ban zata ba shi ne, sun zauna. Ashe mutumin da ke kishingiɗe da ƙafa a kan matashi ba a jin tsoronsa. Wani mai gyaran babur da na taɓa koyarwa, yanzu da furfurarsa, ya ba ni labarin yadda suka sace bulalata suka jefa a masai, aka yi dariya har da ni. Aka kawo tuwo, muka sa hannu mu biyar.

Ya kamata a ce nan na tsaya na ce gwiwa ta yi sauƙi. Ban ce ba. Na koyi ɗingishi, na zaɓi ƙafar hagu, ina tuna wa kaina kullum da safe don kada a sami saɓanin ruwaya. (Salla dai ban taɓa yi a zaune ba, ƙaryata ba ta kai nan ba. Nishi kawai nake ƙarawa wajen tasowa daga sujada.) Ranar Asabar in ajiye ɗingishin a tashar Karaye, in taka garau zuwa bayan kemis, in gaya wa Malama Rabi cewa alhamdulillahi yanzu mutane suna zuwa gidana. Ta ji daɗi ƙwarai. Ba ta tambaye ni me ke kawo su ba, ni kuma ban ga dalilin cika ta da surutu ba.

Asabar ɗin da nake ba ka labari, na fito sai na tarar da Alhaji Sule a kan babur, ya ɗaura bargo a mazaunin baya.

"Hau, Hedimasta. Wallahi abin kunya ne a gare mu, mara lafiya ya riƙa shiga motar haya shi kaɗai ana matse masa ƙafa. Ba a yi mana wannan tarbiyyar ba."

"Alhaji, kasuwarka fa?"

"Gyaɗa ba ta gudu. Na riga na rantse, hau."

Na hau. Duk ramin da ke hanya sai da ya kauce masa, wanda bai kauce ba ya waiwayo ya ce min sannu. Ina baya ina shirya yadda zan yakice shi a bakin kemis, na tsara jimloli uku masu kyau. Ko ɗaya bai saurara ba. Ya kashe babur, ya rataya hannuna a wuyansa, ya tallabe ni har cikin ɗakin, ina jan ƙafa.

Malama Rabi ta miƙe tsaye. "Subhanallahi! Baba, hatsari kuka yi?"

Alhaji ya ce, "A'a likita, ai gwiwar nan ce da kike dubawa. Wata guda ke nan ba sauƙi. Ni maƙwabcinsa ne, na zo in ji da kunnena, ko dai mu kai shi wajen maɗori?"

Kafin in yi motsi ya zaunar da ni, ya durƙusa, ya naɗe min ƙafar wando har cinya. Ga gwiwata a fili, siririya, tana ƙyalli da man zafin da na shafa don ƙamshin ya zama shaida. "Taɓa ki ji," in ji shi. Sannan ne ya ɗaga kai ya dubi ɗakin. Babu gadon duba mara lafiya, babu allura, babu farar riga. Kujera biyu ne, da fanka, da kwalin tishu.

Ta dubi gwiwar, ta dube ni. Na san wannan kallon, amma da ni ke yi wa ɗalibai shi. Sai ta ce, cikin ladabi, "Alhaji, aikina bai ba ni damar faɗin abin da ke kawo mutum wajena ba. Baba ne kaɗai zai faɗa, in ya ga dama."

Ta bar min ƙofa a buɗe, ina iya ci gaba da ƙarya. Amma ga dattijo ya bar kasuwarsa, yana durƙushe a siminti da ƙafata a hannunsa.

Na ce, "Alhaji, saki ƙafar. Lafiyarta ƙalau."

"To ta daman ce?"

"Ita ma."

"To me kake zuwa yi?"

"Magana," na ce. "Biya nake a saurare ni. Tun rasuwar Hajiya ba ni da wanda zan yi wa magana."

Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Sai ya warware ƙafar wandon a hankali, ya daidaita ta har idon sawu, ya miƙe yana dafa gwiwarsa (tasa, na lura, da gaske take ciwo).

"Katanga ɗaya, Hedimasta," ya ce. "Ni in na leƙo na gan ka da littafi sai in koma, ina cewa kada jahili ya dame ka." Ya juya wajen Malama Rabi. "Yi haƙuri 'yata. Ina waje, ya gama abin da ya biya."

A ranar na fara magana ba takarda, kuma na ga amfanin kwalin nan.

Da za mu koma, babu ramin da bai faɗa ba tsakanin Karaye da Rogo. Na karɓi hukuncin.

Bai gaya wa kowa ba. Na bar gwiwar ta warke a hankali cikin mako guda, aka yi min barka, 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, gida ya koma yadda yake. Alhaji kan shigo wasu ranakun bayan la'asar da soyayyiyar gyaɗa a leda. Ba mu iya hirar ba tukuna. Yana gaya min yadda kasuwa ta ci, ina gyaɗa kai, sai mu yi ta ɓare gyaɗa har a kira magariba. Wata rana ma ba ya zuwa. Ni kuma har yanzu ina zuwa Karaye ranar Asabar, a motar haya, a matse.

Abin da na koya, bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane, shi ne a garinmu ciwon da ake iya nunawa da yatsa ne yake da 'yan dubiya. Wanda ba ya nunuwa sai ka buɗe baki ka faɗa da kanka, kuma gara ka faɗa tun kafin a naɗe maka wando a gaban 'yar mutane.