Ranar da Ɗankwalina Ya Ƙi Zama

Ni dai na iya haɗa man gashi, duk matan Tudun Fulani sun shaida. Shi ya sa na yi murmushi kawai lokacin da mai shagon sinadarai ya miƙo mini ruwan sa gashi laushi, wai shi polikwataniyam, ya ce, "Hajiya, ba ya cutarwa, amma cokali ɗaya ya ishi bokiti, kuma a ɗauraye." Yaushe aka haife shi da zai koya mini awo?

Ranar bikin ƙanwata na zuba kofi guda, na lafta a kaina, ban ɗauraye ba. Wallahi ban taɓa ganin gashi mai laushi da santsi irin nawa ba.

Da muka kai amarya Maikunkele, na durƙusa gaida uwar ango, sai ɗankwalina ya sulale ya faɗa cikin kwanon miyarta. Tsohuwar ta tsamo shi da yatsa biyu, ta ce, "'Yata, wannan ma cikin gara yake?"

Sau huɗu ana ɗaura mini wani, yana zamewa.

Har yau in na shiga taron dangi, ƙanwata sai ta ɗaga murya, "Ku rufe miya, Yaya ta iso!"