Hakin Tajuddeen a Tudun Italiya

"Lafiya ƙalau, baiwata. Haka ake tarbar mutanen Turai, ba ko durƙuso?"

"Kai, ɗan mace, yaushe bawa ya yi baiwa? Cire takalminka."

Ranar Asabar ce, Barira na yanka albasa a gidanta na unguwar Taman Melati, can ƙasar wajen da suke zaune, sai ga taubashinta Tajuddeen, ɗan goggonta, da leda a hammata. Taron ilimi ya je Italiya, ya zaga garuruwansu na kan tudu yana ɗaukar bidiyo. Ita kuwa gwana ce wajen gyaran bidiyo, da shi take tallan dambun namanta. So yake ta gyara masa, don ya yi wa Kamila, yarinyar da yake nema, alkawarin turawa kafin magariba.

Barira ta goge hannu, ta karɓi wayarsa, ta kunna bidiyon. Ta kalla, ta ƙara kallo.

"Ina Italiyar?"

"Ga ta nan a gabanki."

"Ni dai ƙofar hancinka nake gani. Ma sha Allah, falo biyu."

"Bayana za ki duba! Ginin nan ya girmi kakan kakanki."

"Ai na gani, ko filasta ba su samu yi ba. Ga wanki sun shanya a kan titi. Ka ƙi zuwa ƙauyenmu da sallah, ka hau jirgi ka je na Turawa. To wannan ƙarar fa? Injin markaɗe suka tayar?"

"Iska ce."

"Iskar ce take cewa 'wayyo ƙirjina'?"

Tajuddeen ya gyara zama. "Tudu ne, Barira. Ke da ko benen tashar jirgin ƙasa ta LRT sai kin jira lifta."

"Tsaya, wace ce wannan tsohuwar da ta wuce ka? Da sanda, da kwandon cefane! Har ta waiwayo tana tausaya maka."

"'Yar wasan guje-guje ce, ta yi ritaya. Ki yanke wajen, don Allah."

"Zan yanke. Ina jakar da na aike ka?"

Ya miƙo ledar yana hura hanci. "Fatar Italiya zalla. Mai shagon har kuka ya yi da zai rabu da ita."

Barira ta juya jakar, ta shinshina, ta yi murmushin muguntar da ya san ta da shi tun suna yara.

"Ikon Allah. Shanun Italiya turaren wuta suke ci? Wannan jakar ai mun saba. Makon jiya na taya ta a nan kasuwar Masjid India, ga ma tabon janbakina a zif."

"Kama ce."

"To bari mu tambayi bidiyo." Ta matsa gaba. Ga shi a shagon fata, ya ɗaga wata jaka, ya juya takardar farashi. Daga nan sai hoto ya koma ƙasa, ba abin da ake gani sai ƙafafu suna sauri. "Ka ga, a nan kam ko tsohuwar ba ta kamo ka ba. Bari in tura wa Kamila haka, ta san irin jarumin da za ta aura."

"Ke! Ki ji tsoron Allah!"

"Wa kake kira ke?"

Ya dubi agogo, ya dubi yatsanta a kan waya. Sai ya buɗe jakar bayansa a hankali, ya zaro kwalbar man zaitun naɗe a cikin riga.

"Wannan kam daga can ne, wallahi. Don ciwon gwiwata na sayo. Ranki ya daɗe, uwar ɗakina."

Barira ta karɓe, ta tuntsire da dariya. Ta yanke shagon, ta yanke tsohuwar, ta ɗora sauti mai taushi. Amma "wayyo ƙirjina" guda ɗaya ta bar shi, daidai inda rana ke faɗuwa.

"Wannan fa?"

"Bar shi, bawa. Za ta ɗauka don ita ka faɗa."