Rasuwar Mai Jan Ido, Rikodar da Ta Raka Ni Neman Aiki

Da zuciya mai cike da alhini, da hanci da ya yi ja saboda sharɓe, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk mawaƙan da na taɓa takura wa da tambayoyi, rasuwar rikodata, wadda aka fi sani da Mai Jan Ido saboda 'yar fitilar da take kunnawa idan tana sauraro. Ta rasu ranar Talata da rana, a bakin aiki, tana zaune a kan wani ɗan tebur tsakanin almakashi da gwangwanin allurai. Ba wanda ya san ainihin shekarunta, amma Kawu ya ce ta girmi wayar kowa a gidanmu, kuma ta fi su ladabi.

Marigayiya ta fara rayuwarta ne a hannun Kawu, lokacin yana sakataren ƙungiyar direbobi. Shekara shida tana halartar taro, ba ta taɓa sa baki ba. Ranar da na kammala karatu na ce ni aikin jarida zan yi, kuma a kan waƙa da mawaƙa zan riƙa rubutu, Kawu ne ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da ita a cikin safa ya ɗora min a tafin hannu. Har ta bar duniya ban goge abin da na tarar a cikinta ba: muryar Kawu tana cewa, "A zauna, a zauna! Wanda bai zauna ba ba zai yi magana ba!" sai ƙarar kujera, sai wani ya yi tari har sau bakwai.

Mutuniyar kirki ce, mai haƙuri. Shekara biyu da wata huɗu muna yawo tare. Ta zauna da ni a kan benci a ƙofar gidajen rediyo da ofisoshin jaridu, inda ake karɓar takarduna da fara'a a ce za a neme ni. Ta san warin ɗakunan ɗaukar waƙa, masu soso a bango da fanka da ake kashewa idan an fara aiki, kowa ya yi ta zufa yana girgiza kai. Ta saurari wani matashin mawaƙi da na tambaye shi yadda yake rubuta baiti, ya yi minti arba'in yana ba mu labarin motarsa, ba ta yi tsaki ba ko sau ɗaya. Hirarrakin da muka yi na riƙa sa su a shafina na intanet, wanda ke da masu karatu amintattu goma sha ɗaya, biyu daga cikinsu Kawu ne ta wayoyi daban-daban.

Ba za mu ce ba ta da aibi ba. Murfin batirinta ya ɓata tun da daɗewa, da kyauron roba nake ɗaure ta. Tana da son jin abin da bai shafe ta ba, don takan kunna kanta a cikin jaka. Ta haka muka mallaki sa'a guda cur ta hayaniyar motar haya, da kuma muryar Mama a kicin tana cewa, "Ke, wannan abin naki ido ya buɗe? Kashe ta, ba da ita nake magana ba."

Rashin lafiyarta ya fara ne a hankali. Ta soma haɗiye ƙarshen kalmomi, allonta ya dushe sai na karkata ta wajen taga nake ganin lamba. Na kai ta wurin mai gyara a bakin titinmu, ya busa mata iska, ya goge ta da ɗan buroshi, ya ce in daina wahalar da tsohuwa. Na yi niyyar hutar da ita, Allah ne shaida. Sai ga kira daga editan wata jarida mai fitar da shafin waƙa duk ranar Asabar.

Mutum ne mai tabarau a goshi da wani a hanci. Ya ce ya ga rubutuna, ba laifi, amma masu "ba laifi" sun cika masa durowa. Ya ambaci wata tsohuwar mawaƙiya da iyayenmu suka taso da muryarta, wadda ta ajiye waƙa rana ɗaya ba ta faɗa wa kowa dalili ba. Ya ce ma'aikatansa uku sun je ta kore su. "Ki kawo min hirarta kafin azahar ɗin Alhamis mai zuwa, sai mu yi maganar kujera."

Yanzu mawaƙiyar ɗinkin labule take yi a wani ɗaki a bayan gidanta. Zuwa uku na yi tana amsa gaisuwata ba tare da ta ɗaga ƙafa daga kan keke ba. A zuwa na huɗu, ranar Talatar nan, na tarar tana kokawa da wani dogon yadi, na ajiye jaka na kama mata ɗaya bakin. Muka auna, muka ninke, muka sake aunawa. Da muka gama ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kin cika naci. Ajiye abin naki a can, ki ja kujera."

Na ajiye marigayiya, ta buɗe jan idonta kamar kullum. Kusan sa'a biyu tsohuwar tana magana. Ta ba ni labarin ƙanwarta, wadda ita ce ke yi mata amshi tun suna yara suna wanke-wanke. Bayan ƙanwar ta rasu an kawo mata 'yan amshi iri-iri, masu murya kamar ruwan sanyi, amma duk lokacin da ta kai gaɓar da za a amsa, sai ta ji baƙuwar murya a wurin da ba nata ba, ta kasa ci gaba. Daga nan ta tattara ta bar waƙa. Kafin in tashi ta rera min baiti ɗaya, da ta zo wurin amshin ta yi shiru daidai tsawonsa, sannan ta ci gaba.

A motar komawa gida na sa abin ji a kunne. Minti tara na tarar. Ƙarar keken ɗinki, jan kujera, gaisuwa, sai muryar tsohuwar tana tambaya, "Wannan ɗan abin yana ji na kuwa?" Daga nan sai "shhh", sai wani ɗan "ƙit". Wannan ce kalmar marigayiya ta ƙarshe. Fitilar ta ci gaba da ci don kada in tsorata, amma rai ya riga ya yi halinsa. Mai gyara ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya mayar da kusoshin ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Sai haƙuri."

Na isa gida na kwanta a kan kujera na yi kuka mai sauti. Mama ta bar ni na yi mai isata, sannan ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu.

"Da matar take magana, ke kina ina?"

"Ina wurin, Mama."

"To kunnuwanki su ma batir ake sa musu? Tashi ki ba ni wuri zan yi shara."

Na tashi na ɗauki littafi da biro. Abin da ban sani ba, shekara biyun da na yi ina mayar da marigayiya baya ina kwafe maganar mutane kalma-kalma, ashe ta koya min riƙe magana yadda mai ita ya faɗe ta. Hirar ta riƙa zubowa, har da wuraren da tsohuwar ta tsaya cizon zare. Washegari na koma wurinta na faɗa mata gaskiya, na karanta mata duka don kada in sa mata abin da ba ta ce ba. Ta saurara ido a rufe. Gyara biyu ta yi. Ta ce shekararta goma sha tara da barin waƙa, ba ashirin ba. Ta kuma ce, "Goge wurin da kika ce na yi hawaye. Ƙurar yadi ce."

Edita ya karanta a gabana, ya sauko da tabarau na biyu ya sake karantawa. Ya nemi sautin hirar, na ce masa mai sautin ta rasu. Bai yarda ba sai da ya kira tsohuwar a waya. Daga inda nake zaune ina jin tana wanke shi, yana ta "to, Hajiya, to, ranki ya daɗe." Da ya ajiye ya share goshi ya ce, "Litinin, ƙarfe takwas. Gwajin wata uku. Kada ki makara."

Marigayiya ta rasu ta bar batura biyu, waɗanda Kawu ya riga ya ɗauke ya sa a tocilarsa, ya ce dama dangin uba ne ke riƙon marayu. Ta bar wayar haɗi guda, da abin ji mai kunne ɗaya, da kyauron roba da ya yi jinyarta har ƙarshe. Ta kuma bar ni, da littattafai tara cike da maganganun mutane. Ofis sun ce za su ba ni sabuwa mai sheƙi, na roƙi a ɗan jinkirta, don idon jama'a.

Za a yi mata sutura ranar Lahadi bayan la'asar a falon gidanmu. Za a sa ta a kwalin takalmi, a kai ta makwancinta a saman durowar kaya, inda ba mai sake danna ta. Kawu ne zai jagoranci taro, ana roƙon jama'a su zauna da zarar ya ce a zauna. Masu ta'aziyyar da ba su samu zuwa ba su tare ni bayan an tashi daga aiki, don daga Litinin ba a samuna a gida da rana.

Haka kuma tsohuwar mawaƙiya ta aiko cewa za ta halarta, kuma za ta yi waƙa ɗaya, tunda a ɗakinta abin ya faru. Ta ce ta samu mai yi mata amshi, ba don muryar ta yi mata ba, sai don mai ita ta iya sauraro. Kwana biyu ke nan ina gwaji a bayan gida. Mama ta zagaya maƙwabta gida-gida ta ba su haƙuri tun kafin ranar.