Ranar da Filtar Babur Ta Tuɓe Mini Riga

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga garin Bulkachuwa daga ni sai singileti da wando da hula ba, ga surukina a bayana ya ɗame cikin babbar rigata. In na tuna nakan rufe fuska, amma ta tsakanin yatsu murmushi nake yi, don ban taɓa cin nasara irin ta ranar ba.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Azare (ku riƙe wannan, shi ya ƙara wa abin muni). Ina da babur ɗan Indiya wanda nake ji da shi kamar ɗan fari. Surukina kuwa, wato mahaifin matata Hauwa, Bafulatani ne na gaske, kowa Baffa yake ce masa. Shekara bakwai ina auren ƴarsa, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. Ko a gabansa na tsuguna, sai ya juya wajen wanda yake kusa ya ce, "A ce wa yaron nan, yaya mutanen gida?" Ni ma in mayar da amsa ta hannun wannan mutumin. Haka muke, kuma babu wanda abin ya dama.

To, sai aka sa ranar auren ƴar ƙanensa marigayi a Bulkachuwa, ƙarfe sha ɗaya na safiyar Asabar. Baffa ne waliyyi. Tun ƙanen yana kwance ciwon ajali ya yi masa alkawarin cewa da bakinsa zai bayar da auren yarinyar, ba zai wakilta kowa ba. Motar da aka ɗauko, mata suka cika ta da kayan gara, har kan cinya. Hauwa ta ce mini, "Malam, ko za ka kai Baffa a babur?" Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka an kai shi an gama.

Ranar Juma'a da hantsi na kai babur wurin bakanikena, Malam Bukar, wani mutumin Barno da ya daɗe a Azare, don a yi juyen baƙin mai. Ya tsiyaye tsohon man, ya kwance wani murfi mai noti uku a gefen dama na injin, ya zaro filta. Ga wanda bai san ta ba, ƴar aba ce kamar ƙaramin gwangwanin tumatir, jikinta takarda ce mai ninki-ninki, ita ke tace dattin mai. Tawa ta yi baƙi ƙirin.

"Wannan ta mutu, Malam," in ji Bukar. Ya naɗe ta a takardar siminti ya miƙo mini. "Tafi da ita kasuwa, ka ɗora ta kusa da sabuwar. In ba su zo daidai ba kada ka karɓa."

Na dubi fararen kayana na Juma'a, na dubi abin da yake miƙo mini yana ɗiga. Na ce, "Haba Malam Bukar, ai na gan ta. Mutumin da ke koyar da awo shi za a ce ya yi yawo da shara a hannu?"

Ya ɗaga kafaɗa ya wurga ta cikin durom ɗin shara.

A kasuwa mai kayan gyara ya zube mini filta har kala uku. Ya tambaye ni ina tsohuwar, na ce tana cikin kaina. Guda biyu a leda suke kawai, ba ko rubutu. Ta ukun tana cikin wani kwali mai sheƙi, ja da ruwan zinare, da hoton damisa a jiki. Ta ɗan fi sauran tsayi. Nan take na yi lissafi irin na masu ilimi: wadda ta fi girma ai ita za ta fi tacewa. Har na tsaya na yi wa mai shagon bayani, shi kuma yana gyaɗa kai yana sa mini ita a leda.

Da na dawo bayan sallar Juma'a, sai na tarar Bukar ya rufe rumfa, an yi masa rasuwa a Itas. Ya bar mini galan ɗin sabon mai da sifana a wurin mai shayin da ke kusa. Na ce wannan ai ba wani aiki ba ne. Na zura filta, na ɗora murfi, sai na ga ya ƙi zama, ya ɗan ɗaga kamar kaurin farce. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na sa ƙarfi na danne, na ɗaure notin nan uku har sai da na ji wani abu ya ce ƙis a ciki. Na ce yawwa, ya zauna. Na ɗura mai, na tafi gida ina fito.

Washegari ƙarfe tara da rabi muka kama hanya. Baffa ya sha farar babbar riga mai aiki, da rawani, sai ƙamshin turare yake yi. Ni kuma ina da sabuwar shadda shuɗiya wadda tela ya kwana uku a kanta. Na sa jamfa da wando, babbar rigar na ninke ta cikin leda na ɗaure a kan tanki, sai mun isa in saka in ba da mamaki.

Mun fita gari ke nan na fara jin wani ɗumi a ƙafar dama. Na ce zafin injin ne. Can kuma na ji santsi a cikin takalmi. Na saci kallo ƙasa. Baƙin mai ne ke tsartuwa daga gefen murfin nan, iska tana kwasarsa tana watsawa baya. Baya kuwa wa ke can? Baffa.

Yanzu fa ku duba halin da muke ciki. Na san ya kamata in tsaya. Amma in na tsaya dole in juya in yi wa surukina bayani baki da baki, kuma babu mutum na uku a kan babur. Shi ma daga baya na gane tun kafin ni ya ga abin, yana kallon rigarsa tana rinewa, amma ta yaya zai buɗe baki ya yi wa mijin ƴarsa magana? Haka muka yi ta tafiya, ni shiru shi shiru, mai yana zuba. Na riƙa yi wa kaina ƙarya cewa wataƙila zai daina da kansa.

Sai da injin ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwano, sannan na ji gyaran murya a bayana. Baffa ya fuskanci gonakin gero da ke gefen hanya, ya ce musu, "A ce wa mai babur ɗin nan ya tsaya."

Na tsaya. Ya sauka. Wallahi ban taɓa ganin riga ta lalace haka ba. Daga gwiwa har kafaɗa gefen dama ya yi dabbare-dabbare, man ya ratsa har jamfar ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Agogo kuma ya nuna goma da minti biyar, ga sauran tafiya a gabanmu, kuma an riga an gaya mana liman yana da wani ɗaurin auren a wani ƙauye, ba zai jira ba. In ba mu isa ba wani za a ɗauka ya tsaya a madadin Baffa, alkawarin da ya yi wa mamaci ya tashi a banza saboda hoton damisa.

Na tura babur, Baffa yana biye da ni, har wani ɗan ƙauye a bakin titi. Allah ya taimake mu akwai wani dattijo mai faci a gindin darbejiya, Malam Sale, wanda ke taɓa gyaran babur. Ganinsa ya fi mini komai daɗi, ba don gyaran kaɗai ba. Mun samu mutum na uku.

Na tuɓe jamfata na rataye a reshe, na karɓi sifana na kwance murfin. Filtar nan mai tsada ta fito a murƙushe kamar an taka ta, zoben robar da ke toshe bakin murfin kuma ya tsinke biyu. Malam Sale ya jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe ya zazzage. Cikin tarkacen akwai filta huɗu, kowacce da tsayinta. Ya ɗauko wata a kwali ya ce, "Ga mai kyau nan, Malam, wannan asali ce."

A nan ne malamin lissafin da ke cikina, wanda ya yi barci tun jiya, ya farka. Na ce, "Dakata tukuna." Na zari tsinke daga tsintsiyarsa, na zura cikin ramin filtar har ƙasa, na dafe da babban yatsa a daidai baki, na karya. Na sake karya wani a faɗin ramin. Sannan na jera filtocin nan huɗu a kan benci na riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ta cikin kwalin ta wuce tsinke. Ta biyu ba ta kai ba. Ta uku faɗinta ya yi yawa. Ta huɗu, wata mummuna a yagaggiyar leda wadda Malam Sale ya ce ya ma manta da ita, ta zo daidai cif, tsayi da faɗi.

"Wannan," na ce.

"Kai Malam, wannan ko suna ba ta da shi."

"Ni ma jiya mai suna na saya."

Masu jiran mota da suka taru a kanmu suka kwashe da dariya. Na zura ta, na sa sabon zoben roba da Malam Sale ya ba ni, na ɗora murfi. Ya zauna lif, ba tare da na danna ba. Na ɗaure noti a hankali, muka ɗura mai kwalba guda, na hau na buga. Bugu ɗaya ya tashi, ƙarar nan ta cokali ta ɓace. Muka zuba wa murfin ido, ko ɗigo babu. Wani ɗan acaɓa da ke wurin ya ce, "Wallahi wannan malamin bakanike ne!" Ban musa masa ba.

Saura maganar riga. Na matsa kusa da mai faci na ce, "Malam Sale, a ce wa Baffa ga riga nan da jamfa, in zai taimaka ya saka."

Malam Sale ya dube ni, ya dubi Baffa da ke tsaye taku biyu daga gare mu, ya juya ya maimaita.

Baffa ya ce, "A tambaye shi, shi me zai saka?"

"A ce masa ni ba a jirana."

Baffa ya zagaya bayan rumfar mai facin ya fito cikin shuɗiyar shaddata, ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka. (Kada ku ce me ya hana ni saka tasa. Ko ba maiƙo a jikinta, wa ya isa ya zura rigar surukinsa?) Muka hau, na murɗa babur yadda ban taɓa murɗa shi ba.

Niyyata in sauke shi a bayan masallaci in sulale. Amma da muka shigo gari, hanya ɗaya ce, kuma ta miƙe ne har tsakiyar taron. Sha ɗaya ta wuce da minti biyar. Mutanen ango daga Dambam sun cika tabarmi, an zube goro da alawa, liman har ya fara waige-waigen wanda zai tsaya. Baffa ya ce wa iska, "A kai ni har bakin tabarma." Haka na ratsa mutane sama da ɗari, kowa cikin shadda da turare, ni kuwa singileti mai huda a hammata, hannuwa baƙi har gwiwa, ƙafar wando ɗaya a jiƙe, ga hula zanna a kai ta zauna tsaf. Wani dattijo ya daka mini tsawa, "Kai ɗan acaɓa, in an sallame ka matsa mana!" Na matsa, na laɓe a bayan wata bishiya.

Daga can na ji muryar Baffa, a natse, yana ambaton sunan ƙanensa, yana cewa ya bayar da auren ƴarsa. Muryar ta ɗan yi rawa a wurin sunan. Aka shafa fatiha. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, har idona ya ciko, na share da bayan hannu na ƙara wa fuskata baƙi.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Baffa ya raɗa wa liman magana, liman ya raɗa wa sanƙira, shi kuwa sanƙira ba ya da raɗa. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a! Waliyyin amarya ya ce a yi fatiha ta musamman ga surukinsa, malamin makaranta daga Azare, wanda ya gyara babur da hannunsa, ya tuɓe rigarsa ya ba shi don kada a makara! Ga shi can bayan bishiya!"

Kai ɗari suka juyo lokaci guda. Ban da wurin gudu. Na fito na tsuguna, na ɗaga baƙaƙen hannuwana, aka yi mini addu'a doguwa. Dattijon da ya kore ni shi ya fara zuwa ya ba ni hannu, ya kuma cusa mini goro biyar. Kafin azahar an aro mini riga, an zaunar da ni cikin manya, an ajiye mini kwanon da ya fi kowanne nama. Labari ya shiga cikin gida wurin mata, Hauwa ta aiko a ce mini ita yau ba ta taka ƙasa.

Da Malam Bukar ya dawo daga Itas na ba shi labari, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Yanzu ko ƙwan fitila zan saya, da mataccen nake tafiya kasuwa a aljihu, kuma in na ga hoton damisa a kwali sai in gaishe shi in wuce.

Shaddar kuwa har yau ba ta dawo ba. Duk Juma'a Baffa yakan saka ta, ya wuce ta gabana a masallaci yana sheƙi, kuma ban samu mutum na ukun da zai yarda ya tambayar mini ita ba. Don haka ga abin da na koya: in za ka sayi filta, tafi da tsohuwar. In kuma za ka goya surukinka, saka rigar da ka riga ka yafe.