Motar da Na Yi wa Duhan

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ƙaramar motar nan mai kujerun yadi ba. Ita ta raba ni da sana'ata, amma gaskiya ba ita ta neme ni ba, ni na je har inda take.

A farkon shekarun saba'in dillancin tsofaffin motocin lori nake yi a gefen kasuwar Rufa'a. Sana'a ce da ba ta wahalar da kai. In sayi lorin da ta gaji da jigilar auduga da dawa, in kai ta bakin tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonakinmu, in watsa mata ruwa da bokiti, in share bayanta da tsintsiya, shi ke nan ta shiga kasuwa. Mai sayen lori ƙarar inji yake saurare, sai ya harbi taya da ƙafa. Ban taɓa ganin wanda ya sunsuni lori ba.

Da na fara ganin haske sai girman kai ya shige ni. Na ce ni ma ya kamata a gan ni cikin masu sayar wa manyan ma'aikata mota. Na je Damazin na ga wata ƙaramar mota baƙa, na dawo na sayar da duk abin da ke hannuna na koma na ɗauko ta. Matata Hajara ta yi mini magana tun kafin in tafi.

"Baban Zainabu, wa zai saye ta cikin mutanenmu? Masu hawasha ne fa, manoma, buhu suke ɗauka."

Na ce mata mata ba su san kasuwa ba. (Allah Ya yafe mini wannan maganar, don ita dai ba na jin ta yafe.)

Sai a hanyar dawowa, da na rufe gilas saboda ƙura, na gane abin da na saya. Ashe mai motar fataucin busasshen kifi yake yi daga bakin madatsar ruwa, kuma a kujerar baya yake lodinsa. Warin ya shiga yadi, ya shiga audugar da ke cikin kujerun, ya zauna.

Ni kuwa wanki ɗaya na sani a duniya. Na kai ta bakin tur'a, na buɗe ƙofofi, na yi ta kwarara wa kujeru ruwa kamar bayan lori. Auduga ta sha ta ƙoshi. Da rana ta buge ta, sai kifin ya zama kamar jiya aka kama shi ya ruɓe. Na sa sabulu, na sa toka, na sa lemun tsami, a banza. Mai saye zai zo ya yaba fenti, ya sa kai ta taga, ya ja baya ya ce zai yi shawara. Damina ta zo ta wuce motar tana tsaye, ni kuma ba ni da wata hajar da zan juya. Abin da muke ci a gida ya koma abin da surukaina suka aiko.

Ana cikin haka Baba Alhaji Shu'aibu ya sa a kira ni. Shi ne shugaban manoman layinmu, aminin marigayi mahaifina, kuma shi ke jan salla in liman ba ya nan. Matarsa ta rasu shekarar da ta gabata, bai sake aure ba. Ƙafa tana damunsa, hawa lori ya fara gagararsa.

"Ɗana, jibi za ni gaisuwar mutuwa Kamlin," in ji shi. "Ka kai ni cikin arabiyyar nan taka, baƙar motar. In ta kai ni ta maido ni lafiya, na saya."

Na fito daga gidansa ina tunanin warin kifin. Wannan ne mai saye na farko da bai riga ya sa hanci ba, kuma na san in ya kuɓuce ba wani.

Hajara ta tafi gidansu, ƙanwarta ta haihu. Ina zaune a tsakar gida ina tunani sai idona ya faɗa kan ramin duhan ɗinta. Ga wanda bai zauna ƙasarmu ba, duhan hayaƙin itacen ɗalhi ne da matar aure ke zama a kansa ta lulluɓa da bargo. Ƙamshinsa ba ya ɓuya, kuma kowane baligi ya san ma'anarsa. Abu ne na cikin ɗaki. Namiji in ya same shi a jikinsa, sai ya yi wanka ya sake riga kafin ya shiga mutane. Duk na san wannan. Amma na ce wa kaina abin da ke kama fata ya kwana, ai zai kama yadi.

Na kwashe itacenta kaf, na hura a kasko, na ajiye a tsakiyar mota, na rufe gilas, na lulluɓe tagogi da bargon nata. Wuni guda ina ƙara itace, washegari ma haka. Da na ga kamar da sauran kifi, na ɗauko kwalbar humrarta na juye a kujerun. Zuwa lokacin hancina ya mutu. Abin da na sani kawai kifi ya tafi, har na yi wa kaina kirari.

Ranar tafiya Baba ya fito cikin farar jallabiya da rawani, yana fama da mura, hancinsa a toshe.

"Rufe gilas ɗin nan, ɗana, iska na ƙara mini."

Na rufe. Haka muka yi tafiyar nan a kulle, rana tana dafa mu. A kan bantun da ke haye kogi da motoci na ga mutane suna waiwayenmu suna murmushi, na ɗauka motar suke sha'awa.

Mun tarar da rumfar makoki a cike. Baba ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, ya matsa ya dafa kafaɗar ɗan mamacin. Na ga fuskar mutumin ta canza. Muka zauna, na kusa da Baba suka fara jan jiki a hankali, har tabarma ta yi fili a kewayensa. Sai Malam Iro, abokin wasansa tun suna yara, ya leƙo.

"Shu'aibu, yaushe anka ɗaura ba a gaya muna ba?"

"Anka ɗaura mi?"

"To in ba a ɗaura ba, daga wane ɗaki ka fito?"

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Baba ya sunsuni hannun rigarsa, bai ji komai ba. Ya juyo gare ni.

"Ɗana, mi mutanen ga ke ji?"

A lokacin iska ta riga ta buɗe mini hanci, na ji abin da kowa ke ji. Amma ciniki nake tunani. Na dubi dattijon nan da ya ɗauki gawar mahaifina na ce, "Ni ban ji komai ba, Baba."

Wani tsoho daga can gefe, wanda ba wasa a muryarsa, ya ce, "Haba Alhaji. Da furfurarka, kuma a gidan mutuwa."

Dariya ta ɗauke. Na ga Baba ya ajiye ɗan kofin gahawarsa ya sunkuyar da kai. Sai a nan na miƙe na ce laifina ne, motata ce. Ba wanda ya yarda, sun ɗauka rufa masa asiri nake yi. Dole na ja su zuwa inda na ajiye ta na buɗe ƙofa. Dattawan Kamlin suka bar makoki suka yi layi, kowa ya sa kai ya fito yana tari.

"Itacen wa ka ƙona haka?" in ji Malam Iro.

"Na iyalina ne."

Ya gyaɗa kai. "Masha Allah. Iyalinka ta iya haɗi."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Baba bai sake shiga motar ba. A bayan lori ya koma gida, mutane suka ɗaga shi da ƙafar nan tasa mai ciwo. Kafin su tashi na je ba shi haƙuri.

"Arabiyyarka ba ta yi mini komai ba," in ji shi. "Kai na tambaya."

Labari ya riga ni isa wurin Hajara, ta bakin mata. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi kwalbar da ba komai a ciki ta ce, "Abin da ko ƙanwata ba na bari ta buɗe, shi ka kai wa mazan Kamlin." Ta sa aka cike ramin da ƙasa, kuma har muka tsufa ba ta sake haƙa wani ba.

Motar kuwa 'yan kasuwa suka sa mata suna Amarya. Ba magidancin da zai yarda ya shige ta ya koma gida ya yi bayani. A ƙarshe wani mai lambu ya sayi injin don jan ruwa, abin da ya ba ni bai kai rabin tsohuwar lori ba. Na koma bakin tur'a da bokitina, ina wanke motocin waɗanda a da ni ke sayar musu.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma a makare ya zo. Kada ka sayi hajar da ba ka san wankinta ba. In kuma ka riga ka yi wautar, dattijo ya tambaye ka abin da mutane ke ji, ka faɗa masa tun a tambayar farko. Cinikin ya riga ya mutu ko ka faɗa ko ka ƙi, gara ka tsira da mutumin.